Ƙafar Madura: Tarihin Cutar da Ƙaya Ke Shukawa, Daga Indiya Zuwa Ƙasar Mubi

Gabatarwa

Bahaushe ba ya rasa sunan da zai kira ciwon da ya fito masa a ƙafa. In ƙarami ne mai ruwa, ƙurji ne. In ya tara mugunya ya yi kai, maruru ne. In ya buɗe baki, miki ne. In kuwa mikin ya ƙi warkewa, ya ci wata ya ci shekara, to ya zama gyambo. Ga kuma kurkunu da tundurmi da kuturta, kowanne da kamanninsa da irin tsoron da ake yi masa. Duk wanda ya taɓa bin shafukan ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya san irin arzikin da harshen yake da shi ta wannan fuska. Sai dai akwai wata cuta da ba ta yi suna da wani laƙabi nata na kanta a bakin jama'a ba. Akan jefa ta cikin gyambo, ko a ce daji ne, ko kuma a ce mutum ya taka sammu. Likitoci suna kiran ta maisitoma, a da kuwa an fi sanin ta da Ƙafar Madura.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun yadda aka san wannan cuta, musamman nau'inta da bakteriya ke haddasawa, da kuma duba inda ƙasar Mubi ta faɗo a cikin wannan tarihi. Mai karatu zai lura da cewa duk inda aka ce cutar ta yi yawa, to wuri ne da aka taɓa ajiye madubin likita da wanda ya iya duba shi. Ƙayar da ke kawo ta kuwa ta fi madubin yaɗuwa nesa ba kusa ba.

Yadda Cutar Take

Karin maganar nan da ke cewa sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, kamar don wannan cuta aka yi ta. Ƙwayoyin da ke kawo ta a ƙasa suke zaune, da jikin itatuwa, ba sa iya keta lafiyayyar fata. Sai ƙayar bagaruwa ko ta aduwa ko ta magarya ta soki manomi, ko tsinken kara, ko faso ya tsaga masa dunduniya, sannan su sami ƙofa. Mutum ya cire ƙaya, ya tofa wa wurin yawu, ya ci gaba da noma, ya manta. Bayan watanni, wani lokaci ma shekaru, sai wani ɗan kumburi mai tauri ya bayyana a ƙarƙashin fata. Ba ya zafi, kuma wannan rashin zafin shi ne babban makamin cutar, domin talaka ba ya barin gona a tsakiyar damina saboda abin da bai hana shi barci ba.

A hankali kumburin zai girma, ya huda fata a wurare da dama, ramukan su riƙa tsiyayar da ruwa da mugunya. A cikin wannan ruwa ne ake ganin wasu 'yan tsabobi kamar na gero ko ƙasa da haka, baƙaƙe ko farare ko rawaya ko jajaye. Kowace tsaba curi ne na ƙwayoyin cutar da suka dunƙule wuri ɗaya. Wani rami ya toshe, wani ya buɗe, cutar kuma tana nutsawa ciki har ta kai ga ƙashi ta rarake shi. Mafi yawan waɗanda ke kamuwa a ƙafa take kama su, maza kuma sun fi mata, galibi samari da magidanta masu noma da kiwo. Ba a ɗaukar ta daga mutum zuwa mutum.

Daga Madura Zuwa Dakar

An ce tsofaffin littattafan Indiya sun ambaci wani ciwo da suka kira ƙafar suri, wato ƙafar da ta kumbura ta yi ramuka kamar gidan gara. Wanda ya taɓa ganin mai wannan cuta ba zai nemi a fassara masa wannan siffantawa ba. Amma a rubuce-rubucen likitocin zamani, labarin ya fara ne a 1842, lokacin da wani likitan Ingila mai suna Gill ya bayyana ta a rahotonsa daga garin Madura da ke kudancin Indiya. A 1846 wani abokin aikinsa, Colebrook, ya yi amfani da sunan Ƙafar Madura, sunan kuma ya bi ta. A 1860 Henry Vandyke Carter, wanda ke koyarwa a makarantar likitoci ta Bombay, ya raɗa mata suna maisitoma, ma'ana ƙarin da fumfuna ta haifar. Wannan Carter shi ne ya zana hotunan shahararren littafin nan na sassan jiki, Gray's Anatomy, wanda ɗaliban likitanci ke ɗauka har yau, kuma ƙwarewarsa a zane ta taimaka wajen sanar da duniya kamannin cutar a littafin da ya fitar a kanta a 1874.

Sunan da Carter ya bayar ya ɗauki rabin gaskiya ne kawai. Ya ga zare-zare a cikin tsabobin, ya yanke hukuncin cewa dangin fumfuna ne. A cikin baƙaƙen tsabobi haka abin yake. Sauran launukan kuwa sai da Faransawa suka shiga Afirka aka fara warware su. A 1894 Vincent ya raini ƙwayar fararen tsabobi daga wani majinyaci a Aljeriya, ita ce a yau ake kira Actinomadura madurae. A 1906 Laveran, mutumin da ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a 1880, ya bayyana ƙwayar jajayen tsabobi daga wani majinyaci na Senegal, ya sa mata sunan likitan da ya ga majinyacin, Pelletier, shi ya sa ake ce mata Actinomadura pelletieri. A wannan shekara dai Brumpt ya bayyana mai rawayar tsaba daga yankin Somaliya, wato Streptomyces somaliensis. Dukkan ukun nan bakteriya ne masu zare-zare, waɗanda a ido suke kama da fumfuna alhali ba danginta ba ne.

Pinoy ne, a 1913, ya raba cutar gida biyu: wadda fumfuna ke kawowa da wadda bakteriya ke kawowa. A 1916 Chalmers da Archibald suka faɗaɗa wannan rabo a ɗakin binciken Wellcome da ke Khartoum. A zamanin da aka yi wannan rabo bai amfana wa majinyaci komai ba, domin ko wace iri ce ta kama shi, wuƙa ce maganinta. Ba a san cewa wata rana wannan bambanci shi zai raba wanda za a yanke wa ƙafa da wanda zai koma gida da ita ba.

Abin lura a nan shi ne jerin garuruwan: Madura, Bombay, Aljeriya, Senegal, Khartoum. Kowannensu mazaunin likitocin mulkin mallaka ne. A Senegal, alal misali, Faransawa sun buɗe ɗakin binciken ƙwayoyin cuta a Saint-Louis tun 1896, suka mayar da shi Dakar a 1913, ya zama Cibiyar Pasteur a 1924. Ba abin mamaki ba ne da Senegal ta zama ƙasar da aka fi sanin labarin wannan cuta a Afirka ta Yamma. Sunayen ƙwayoyin ma sun isa shaida: Madura, Somaliya, da sunan likitan Bafaranshe. Majinyatan da aka ciro tsabobin daga ƙafafunsu kuwa, tarihi bai riƙe sunan ko ɗaya ba.

Sudan da 'Yan Uwanmu na Can

Babu ƙasar da wannan cuta ta yi wa suna kamar Sudan. Balfour ya ba da rahoton ta a can tun 1904, sannan a 1956 Abbott ya buga sakamakon da ya girgiza masana: majinyata 1,231 a asibitocin ƙasar cikin shekara biyu da rabi kacal. Shi ne kuma ya jawo hankali ga dangantakar cutar da ƙasar da ke da gajeriyar damina da doguwar rani da itatuwa masu ƙaya. Mutanen Sudan suna kiran ta nabit, wato tsiro, kamar sun fahimci cewa shuka ce aka yi a cikin nama.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Yankunan da cutar ta fi ƙamari a Sudan, wato Gezira da Sennar da Farin Nilu, su ne inda Hausawa da Fulani da Barebari suka fi zama. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira zuwa gabas, ya kafa garin Maiwurno a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Da aka gama madatsar ruwan Sennar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Gezira, dubban alhazan ƙafa daga ƙasashenmu suka tsaya neman guzuri a can, da yawa kuma ba su ƙara gaba ba, ba su dawo ba. Su ne suka yi cirar ciyawa da tsinkar auduga a wannan baƙar ƙasa mai tsagewa da rani. Marubutanmu sun yi ta ba da labarin hanyar hajji ta ƙasa, da 'yan fashi da ƙishirwa da bauta, amma ƙafar da ta yi tafiyar ba a cika waiwayar ta ba.

A maƙwabciyarmu Nijar ma an yi aikin da ya kamata a sani. A 1988 Develoux da abokan aikinsa suka buga bayanin majinyata 133 da aka gani a asibitoci biyu na ƙasar. Sun tarar da cewa nau'in bakteriya ya fi na fumfuna yawa, kuma ƙwayoyin sun raba ƙasar tsakaninsu: mai rawayar tsaba ta fi yawa a arewa wajen hamada, mai jar tsaba kuwa a kudu inda ake samun ruwan sama. Kudancin Nijar ƙasar Hausa ce, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Mubi a Tsakanin Taswirori

Masana sun shata wani yanki na duniya da suke kira ɗamarar maisitoma, daga digiri 15 kudu da tsakiyar duniya zuwa digiri 30 arewa da ita. Mubi tana wajen digiri 10 ne a arewa, wato a tsakiyar ɗamarar. Gari ne a gindin duwatsun Mandara, a bakin kogin Yedzaram, mai damina ta 'yan watanni da rani mai tsawo. Fali da Gude da Nzanyi da Fulani da Hausawa da sauran mazauna ƙasar manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Kasuwar shanun Mubi tana cikin manya a arewa maso gabas, dabbobi suna shigo mata daga Kamaru da Chadi, da masu kora su a ƙafa ta cikin dajin ƙaya. Wasu masu bincike ma suna zargin cewa kashin shanu da shingen ƙaya da ake yi wa garke suna da hannu wajen yaɗa wasu daga cikin ƙwayoyin. Duk sharuɗɗan da Abbott ya lissafa a Sudan, in aka cire ƙarancin ruwan sama na can, akwai su a nan.

To amma tarihin siyasar Mubi ya ajiye ta a gefen kowace taswira. A ƙarni na 19 tana ƙarƙashin masarautar Fombina mai hedikwata a Yola. A farkon ƙarni na 20 Turawa suka raba masarautar, Yola ta faɗa hannun Ingila, Mubi ta faɗa Kamarun Jamus. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka danƙa wa Ingila riƙon yankin a 1922 da sunan Ƙungiyar Ƙasashen Duniya, sannan a 1946 ya zama ƙasar amana ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 yankin ya shigo Nijeriya, ranar 1 ga Yunin wannan shekara, a matsayin Lardin Sardauna, Mubi kuma ta zama babban birninsa. Ƙasar riƙo kamar ɗan riƙo take, ana ciyar da shi amma ba a cika yi masa gini ba. Ɗakunan binciken Ingilishi suna Legas da Vom da Khartoum, na Faransawa suna Dakar da Yawunde, kowanne kuma da harshen da yake rubutu da shi. Likitan Yola ba lalle ne ya karanta abin da aka buga da Faransanci game da arewacin Kamaru ba, ko da yake tsakanin Mubi da kan iyaka tafiya ce ta ɗan lokaci.

Cutar ƙafar da ta sami masu kula da ita a wannan yanki ita ce kuturta. 'Yan mishan na Church of the Brethren sun sauka Garkida a 1923, suka buɗe mazaunin kutare a 1929, wanda ya jawo majinyata daga ko'ina a lardin. Kuturta ma bakteriya ce ke kawo ta, kuma gyambon tafin ƙafar kuturu yana samuwa ne saboda jijiya ta mutu, mutum yana taka ƙaya ko garwashi bai sani ba. Dalilin da ya sa ta sami gata a fili yake: tana da suna a kowane harshe, tana cikin littattafan addini, kuma ana tsoron ɗaukar ta. Maisitoma ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun.

Akwai kuma wata maƙwabciyarta da ya kamata a ambata don kada a gauraya su, wato gyambon Buruli. Albert Cook ya bayyana irinsa a Kampala a 1897, aka gano ƙwayarsa a Ostireliya a 1948, sannan aka sa masa sunan wata gunduma ta Uganda inda ya yi yawa a shekarun 1960. Ƙwayarsa 'yar uwar ta tarin fuka da kuturta ce, tana fitar da wani dafi da ke narkar da fata ba tare da zafi ba. Rahoton farko a kansa a Nijeriya ya fito ne a 1967 daga kwarin Binuwai, kuma an san shi a Bankim da ke lardin Adamawa na Kamaru. Shi ruwa yake bi, fadama da kogi mai tafiya a hankali, ita kuwa maisitoma ƙaya da busasshiyar ƙasa. A bakin mai jinya duk gyambo ne, alhali na Buruli yana warkewa da magani na mako takwas.

Sammu, Sakiya da Septrin

Ba na ganin laifin wanda ya ce an yi masa jifa. Ciwo ne da ya fito ba tare da sanadin da ake tunawa ba, ba ya zafi, ba ya jin maganin da aka saba, sannan yana fitar da tsabobi masu launi daga cikin nama. Hasali ma a al'adarmu fitar baƙon abu daga jiki, allura ko gashi ko tsakuwa, ita ce babbar shaidar sammu. Don haka tsabar da likita zai gani ya ce ga ƙwayar cuta, ita ce dai mai magani zai nuna ya ce ga abin da aka binne. Daga nan sai wanzami ya yi tsaga, a yi sakiya, a ɗaura saiwa. Kowace tsaga kuma sabuwar ƙofa ce ga wasu ƙwayoyin, ga shekaru suna wucewa. Da yawa ba sa isa asibiti sai ƙashi ya riga ya lalace, a yanke ƙafar, labari ya koma ƙauye cewa asibiti yanke ƙafa suke yi, na gaba kuma ya ƙara jinkiri.

A nan ne rabon da Pinoy ya yi a 1913 ya zo da amfaninsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka fara lura da cewa nau'in bakteriya yana jin magungunan salfa da dafson, wato maganin nan na kuturta. A 1976 El Sheikh Mahgoub na Jami'ar Khartoum ya buga sakamakon haɗa allurar sitiraftomaisin da dafson ko da kotirimokzazol, maganin da kowa a nan ya sani da sunan Septrin. A 1987 Oliverio Welsh na Meziko, ƙasar da nau'in bakteriya ya fi yawa, ya fito da tsarin haɗa allurar amikasin da kotirimokzazol a zagaye na mako biyar-biyar. Da irin waɗannan tsare-tsare kimanin tara cikin goma na masu nau'in bakteriya suna warkewa, yawancinsu ba tare da tiyata ba. Nau'in fumfuna ya fi taurin kai, yana buƙatar magani na kusan shekara tare da fiɗa, kuma yakan dawo.

Kada mai karatu ya ji an ambaci Septrin ya nufi kemis. Magani ne na watanni, allurar amikasin tana iya taɓa ƙoda da ji, dole sai ana aunawa. Shan ƙwaya biyu yau a bari gobe ba ya kashe cutar, sai dai ya koya mata jure magani. Kuma nau'in bakteriya, duk da ya fi jin magani, ya fi saurin cin nama da ƙashi, musamman mai jar tsaba, wanda shi ne aka fi samu a ƙasashe masu irin yanayinmu.

A 1991 aka kafa Cibiyar Binciken Maisitoma a asibitin Soba na Jami'ar Khartoum ƙarƙashin jagorancin Farfesa Ahmed Hassan Fahal, ta yi rajistar dubban majinyata. Matsin lambar wannan cibiya da gwamnatin Sudan ne ya sa a watan Mayun 2016 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya shigar da cutar cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, shekara 174 bayan rahoton Gill. Hukumar da kanta ta bayyana cewa ba a san adadin masu fama da ita a duniya ba, domin ba cuta ce da doka ta tilasta a kai rahotonta ba. Kwatanta wannan da kurkunu, wanda aka ƙirga gida-gida a Nijeriya aka sami sama da mutum 650,000 a ƙarshen shekarun 1980, aka bi shi rijiya-rijiya har aka tabbatar da kawar da shi daga ƙasar a 2013.

Yaƙin da ya ɓarke a Khartoum a watan Afrilun 2023 ya rufe cibiyar Soba, ma'aikatanta suka watse, majinyata suka rasa magani. Mutanen Mubi sun san irin wannan, domin a ƙarshen Oktoban 2014 'yan Boko Haram sun kama garin, jama'a suka tsere zuwa Yola da duwatsu da Kamaru, da yawa a ƙafa, makarantu da asibitoci suka tsaya cik kafin a ƙwato shi a watan Nuwamba. Cutar da maganinta ke buƙatar watanni ba tare da yankewa ba, gudun hijira na mako biyu ya isa ya mayar da ita farko.

Abin da binciken shekara 180 ya bari a hannun ma'aikacin ƙaramin asibiti a Maiha ko Michika ko Mubi ba shi da tsada. Kumburi mai tauri marar zafi, da ramuka masu tsiyaya, da tsabobi: in ukun nan suka haɗu, maisitoma ce har sai an tabbatar da akasin haka. Baƙar tsaba ta fumfuna ce, ja ta bakteriya ce, fara da rawaya kuwa sai madubi ya raba gardama. Akan tara tsabobin a kan ƙyallen ɗaurin ciwo, ko a yanki ɗan nama, a aika ɗakin gwaje-gwaje na asibitin koyarwa a Yola ko Maiduguri, a kuma ɗauki hoton ƙafar don a ga ko cutar ta kai ƙashi.